Kunkuru da Fijo 504: Wacce ta fi cancantar a ceto daga hannun 'yan gwangwan?

A tsofaffin unguwannin ma'aikata na Kaduna da Kano da Zariya da Jos, ba wuya mutum ya leƙa wani gida ya tarar da mota a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilashi, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Sau da yawa ɗaya ce daga cikin biyu: ko dai 'yar ƙaramar Volkswagen Beetle mai doro, wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa suna kunkuru, ko kuma Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo.

Mai motar ya tsufa ko ya rasu. 'Ya'ya sun taso a zamanin Toyota da Honda. 'Yan gwangwan kuma na yawan zagayowa, su kuwa ba ruwansu da tarihi, nauyin ƙarfe kawai suke aunawa. Idan aka zo rabon gado, irin wannan mota ce ake fara cewa a sayar a huta.

Duk wadda aka yanka aka ɗora a sikeli ta tafi ke nan, domin an daina ƙera su duka biyun. Shi ya sa tambayar ta wuce zancen sha'awa kawai: ga mai ɗan abin hannu da ke son ya raya ɗaya, ko magajin da ke tunanin ya gyara ko ya sayar, wacce ta fi dacewa, ƙaramar ko babbar?

Motar da aka yi wa talakan Jamus alkawari

Labarin Beetle ya faro ne daga Jamus a 1934, lokacin da gwamnatin Adolf Hitler ta ba injiniya Ferdinand Porsche aikin tsara motar da ma'aikaci zai iya saya. Sunan Volkswagen kansa na nufin motar jama'a. Sharuɗɗan da aka gindaya su ne ta ɗauki manya biyu da yara uku, ta yi gudun kilomita 100 a sa'a, kuma kada kuɗinta ya kai Mark 1,000.

A watan Mayun 1938 aka aza harsashin masana'antar a wurin da ya zama birnin Wolfsburg na yau. Aka buɗe wani tsari mai kama da adashi, inda ma'aikaci ke zuba Mark biyar duk mako har ya cika kuɗin mota. Mutane sama da 300,000 suka shiga. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, masana'antar ta koma ƙera motocin soja, har da amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki, masu zubin kuma ba su ga motocinsu ba.

Bayan yaƙi, yankin ya faɗa hannun sojojin Birtaniya. Wani hafsa mai muƙamin Manjo, Ivan Hirst, shi ya tsaya aka gyara masana'antar da bama-bamai suka lalata, sojojin Birtaniya kuma suka ba da odar motoci 20,000. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1955 aka ƙera ta miliyan ɗaya. A watan Fabrairun 1972 ta wuce tarihin da Ford Model T ta kafa na motoci sama da miliyan 15. Ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla da ke Meziko ranar 30 ga Yulin 2003, bayan an ƙera 21,529,464.

Kowace ƙasa da sunan da ta sa mata. Jamusawa na ce mata Käfer, wato buzuzu, wanda shi ne ma'anar Beetle. A Brazil Fusca ce, a Meziko Vocho, Yarabawa kuma suka ce Ijapa, wato kunkuru.

Motar magidancin Faransa

Fijo 504 ta zo duniya shekara 30 bayan Beetle, kuma da manufa daban. Kamfanin Peugeot, wanda babbar masana'antarsa ke Sochaux a gabashin Faransa, ya so ya samar wa magidanci mai matsakaicin hali mota mai faɗi, mai laushin tafiya, wadda za ta gaji Fijo 404. Kamfanin zane na Italiya, Pininfarina, shi ya tsara jikinta, da fitilun nan masu kusurwa da but mai gangarowa da ake gane ta da su tun daga nesa.

An so a ƙaddamar da ita tun farkon bazarar 1968, amma zanga-zangar ɗalibai da yajin aikin ma'aikata da suka tsayar da Faransa a watan Mayun shekarar suka sa aka ɗage zuwa Satumba. Ba ta daɗe ba ta lashe kambun Motar Shekara ta Turai na 1969.

Daga baya aka fito da doguwar nan mai but a haɗe, wadda a tasha ake kira wagon, har da mai layin kujeru uku, sannan aka yi a-kori-kura. Kafin a daina ƙera salon ɗinta a Turai a 1983, an yi sama da miliyan uku. Amma rayuwarta ta gaske a wajen Turai ta yi ta: Ajantina ta ci gaba da haɗa ta har 1999, Kenya da Najeriya kuma har cikin shekarun 2000.

Abin da ya ɗaga sunanta a Afirka har da gasar tseren daji. A 1975 Ove Andersson ya lashe gasar Safari ta Kenya da 504, a shekarar kuma Hannu Mikkola ya lashe ta Maroko da irinta. Gasa ce ta dubban kilomitoci a kan turɓaya da duwatsu da taɓo, inda yawancin motocin da suka fara ba sa kaiwa ƙarshe.

1975: Shekarar da suka haɗu a Najeriya

Motocin biyu sun shigo Najeriya tun kafin nan ta hannun dillalai, amma 1975 ce ta mayar da su 'yan gida. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon, wadda kuɗin man fetur ya cika wa aljihu, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin waje su zo su riƙa haɗa motoci a ƙasar. Volkswagen ta kafa tata masana'antar a Ojo, kan hanyar Badagry a Legas. Peugeot ta kafa tata a Kakuri, Kaduna. Dukkansu a 1975 suka fara fitar da mota.

Nisan Kaduna da teku da cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas a lokacin sun sa an daɗe ana ɗauko kayan haɗin Fijo ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, sannan manyan motoci su ƙarasa da su Kaduna. A wannan zamani ne kuma aka kafa masana'antun manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, da ta Marsandi a Inugu.

Abu biyu suka taimaka wa kasuwar. Na farko, ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata har da ariyas a 1975. Na biyu, bashin mota da gwamnati ke ba ma'aikacin da ya kai wani mataki. Sai ya zama motar da mutum ke hawa na nuna inda ya kai a aiki. Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, ko matashin da ya gama jami'a ya kama aiki, da kunkuru yake farawa. Idan girma ya zo, iyali suka ƙaru, sai a koma Fijo.

Kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairun 1976, a cikin baƙar Marsandinsa da har yau ke ajiye a gidan tarihi na Legas, ya ƙara wa Fijo matsayi. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo da ta biyo baya ta ɗauki manufar rage facaka, ta mayar da Fijo motar hukuma tun daga sama har ƙasa. Shekaru da dama bayan haka, ganin jerin 504 a hanya na nufin wani babba zai wuce.

A Nijar ma Fijo ta yi zamani, ta wata hanyar daban. A shekarun 1970 da 1980, matasan Turawa kan sayi tsofaffin 404 da 504 a Faransa, su tsallako teku zuwa Aljeriya, su keto Sahara ta Tamanrasset zuwa Arlit da Agadas, su sayar da motar su yi kuɗin jirgin komawa. Da yawa daga cikin motocin hayar da suka yi jigila tsakanin garuruwan Nijar ta haka suka shigo.

Inji: ɗaya na shan iska, ɗaya na shan ruwa

Babban bambancin motocin biyu yana inda mai kallo ba ya gani. Injin Beetle a baya yake, bayan kujerar fasinja, kuma ba shi da lagireto. Silinda huɗu ne a kwance, biyu na fuskantar biyu, fanka na hura musu iska. Ba ruwan da zai tafasa, ba tiyon da zai fashe, ba famfon ruwan da zai lalace. Ga wanda ke zaune inda ruwa ke wuya, ko inda bakanike ke nesa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma sauƙin na da farashi. Rayuwar injin gaba ɗaya na rataye ne a kan fanbel guda da kuma baƙin mai. Idan fanbel ya tsinke, fanka ta tsaya, direba kuma bai lura da jar fitilar da ta kama a gabansa ba, cikin 'yan mintuna injin zai iya ƙonewa. Baƙin man da yake ɗauka bai wuce lita biyu da rabi ba, kuma ba shi da matatar mai irin ta sauran motoci, sai wata 'yar raga. Shi ya sa ake so a juye shi duk bayan kilomita 5,000, a kuma riƙa saita bawul a kai a kai, lokacin da injin ya huce. Akwai kuma faranten ƙarfe da robar da ke kewaye da injin, waɗanda ke hana iska mai zafi komawa cikin fanka. Bakaniken da bai san aikinsu ba kan cire su ya yar, daga nan injin ya fara zafi a watan Afrilu ba a san dalili ba.

Injin Fijo kuwa a gaba yake, silinda huɗu a jere, an ɗan kwantar da shi gefe don bonet ya yi ƙasa. Da ruwa yake hucewa. Wanda aka fi sani mai lita 2 ne, da ƙarfin doki sama da 90, yayin da Beetle mafi girman inji, mai lita 1.6, ke da kimanin 50. Akwai kuma na dizal. Wani abin da ya sa kanikawa ke son sa shi ne ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ana iya zare su a sa sababbi, don haka inji ɗaya kan sha gyaran gaba ɗaya sau da dama bai mutu ba.

Rauninsa shi ne zafi. Idan lagireto ya toshe da tsatsa saboda shekaru ana zuba masa ruwan rijiya, ko fanka ta daina kamawa, sai gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Yawancin tsofaffin Fijo da aka jingine, ta nan ciwonsu ya fara.

A taƙaice, injin kunkuru na buƙatar kulawa kaɗan-kaɗan amma kullum, kuma mai shi zai iya koyon yawancinta da kansa. Na Fijo ya fi haƙuri da sakaci, amma ranar da ya kwanta, kuɗin tayar da shi ya fi yawa.

Girma da ɗaukar kaya

Tsawon Beetle ya ɗan haura mita huɗu, nauyinta kuma kimanin kilo 800. Ƙofa biyu gare ta, don haka duk mai shiga baya sai an kwantar masa da kujerar gaba. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ko mai babbar riga ya san wahalar wannan. But ɗinta a gaba yake, kuma tankin mai da safayar taya sun cinye rabinsa. Akwai wani ɗan rami bayan kujerar baya, wanda yaran wancan zamani da dama suka yi tafiya a cikinsa.

Salon ɗin 504 ya kusa mita huɗu da rabi, nauyinsa kuma ya kai kilo 1,200. Wagon ta kai mita 4.8. Ƙofa huɗu, kujeru masu taushi, da but da ke ɗaukar buhunan hatsi. Mai layi uku an tsara ta ne don mutum bakwai, ko da yake a tashoshin mota irin su Kawo a Kaduna da Unguwa Uku a Kano an san yadda ake ƙara mata, a kuma ɗaure kaya har but ya ƙi rufuwa.

A nan ne aikin kowacce ya rabu. Beetle ba ta yi fice a matsayin motar haya a Najeriya ba, duk da cewa a birnin Meziko ta yi shekaru tana tasi bayan an cire kujerar gaba ta fasinja. Fijo kuwa ta ciyar da dubban gidaje. A wancan zamani ita ce motar haya tsakanin gari da gari, ita ce motar asibiti, ita ce ta 'yan sanda, ita ke kai amarya, ita ke ɗauko gawa.

A kan hanya

Wanda ya taɓa shiga 504 mai lafiya abin da ya fi tunawa shi ne yadda take shanye rami. Sifirin ɗinta na da dogon zango na hawa da sauka, don haka taya kan faɗa rami ta fito jikin motar bai jijjiga sosai ba. Farfelar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya a cikin wani bututun ƙarfe take, wanda ke kare ta daga dutse da yashi, ya kuma riƙe ƙafar baya daram. Wagon da a-kori-kura an ƙarfafa musu baya musamman don kaya. A doguwar tafiya, Fijo na riƙe gudun da Beetle ba ta iya kaiwa sai da kyar, ba tare da injin ya yi kuka ba.

Kunkuru ba ta da wannan laushi. Ƙarar injinta na cika ciki, iska mai ƙarfi daga gefe na tura ta, idan tirela ta wuce ta kuma sai direba ya riƙe sitiyari da kyau, saboda gabanta ba nauyi. Amma tana da nata ƙarfin. Nauyin inji a kan tayoyin da ke tura motar yake, ƙarƙashinta kuma shafaffe ne kamar faranti. A yashi ko taɓon damina, inda motar da ta fi ta girma ke tona rami ta zauna, ita takan lallaɓa ta fita. Idan ma ta maƙale, samari uku sun isa su ɗaga bayanta. Ba banza ba sojojin Jamus suka yi amfani da motar da aka gina a kan tsarinta a hamadar Arewacin Afirka.

A cikin gari kuwa, musamman lungunan tsohon birni, ƙanƙantarta riba ce. Tana juyawa inda Fijo sai ta yi gaba ta yi baya sau uku.

Mai da kayan gyara

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, tambayar farko da ake yi wa kowace mota ita ce nawa take sha. A nan kunkuru ce a gaba, amma ba da tazarar da girman jikinsu zai sa a zata ba. Yawancinsu da kafireta suke aiki, fasahar da motocin yanzu suka daɗe da bari. Beetle ta fi Fijo tsimin mai, amma ƙaramar motar Japan ta shekarun nan ta fi su duka. Duk wanda zai sayi ɗayansu don ya rage kuɗin mai ya yi kuskuren lissafi.

Kayan gyara kuma labari biyu ne. A duniya, Beetle na cikin tsofaffin motocin da suka fi samun kaya, domin yawan da aka ƙera ya sa har yau kamfanoni a Brazil da Meziko da Turai da Amurka na yin kusan kowane ƙarfe nata sabo. Matsalar ita ce da dala ake sayowa. A cikin gida kuwa Fijo ce ke da rinjaye. Shekaru kusan 30 da aka yi ana haɗa ta a Kaduna sun bar tarin kaya, sababbi da na hannu, a kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano.

Haka ma masu gyara. Kusan kowane babban gari a Arewa na da dattijon bakaniken Fijo da yaran da ya koyar. Masu gyaran injin Beetle kuwa sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma shekaru sun ja. Kafin mutum ya sayi kunkuru, ya fara nemo wanda zai riƙa duba masa ita.

Maganar da masu sha'awa ba sa son ji

Duka motocin biyu an tsara su ne kafin zamanin jakar iska da birkin da ba ya kullewa. Idan aka yi karo, ba za su kare mutum kamar motar yanzu ba.

A Beetle, tankin mai na gaban gwiwar direba, kuma tsakaninsa da abin da zai buga ba wani ƙarfen kirki. Yawancinsu birkin ganga gare su a ƙafa huɗu. Tsarin ƙafar bayan tsofaffin na sa baya ya zame idan aka shiga kwana da gudu sannan aka saki totur farat ɗaya. Akwai kuma haɗarin gobara ta hanya biyu: tsohon tiyon fetur da ya tsage ya ɗiga a kan inji mai zafi, da batirin da ke ƙarƙashin kujerar baya, wanda idan ba a rufe kansa ba, mai nauyi ya zauna, wayoyin kujera kan taɓa shi. Sabon tiyo da murfin batir da abin kashe gobara sun fi sabon fenti muhimmanci.

Fijo ta fi ta nauyi da tsawon gaba, salon ɗin farko kuma ya zo da birkin faifai a ƙafa huɗu, abin da ba kowace mota ke da shi ba a 1968. Amma ƙarfinta ne ya zama jarrabawarta. Saboda tana ɗauka kuma tana gudu, an riƙa ɗora mata fiye da ƙima a kan tayoyin da suka suɗe, kuma iyalai da yawa na da labarin wanda suka rasa a cikin wagon a kan babbar hanya. Wadda ta yi shekaru tana haya, ko da an fesa mata sabon fenti, ƙarfenta ya gaji.

Shugabanni biyu, motoci biyu

Wani abin mamaki shi ne kowacce daga cikinsu ta samu shugaban ƙasar da ya mayar da ita alamar sauƙin kai. José Mujica, wanda ya shugabanci Uruguay daga 2010 zuwa 2015, ya ci gaba da tuƙa shuɗiyar Beetle ɗinsa ƙirar 1987 yana kan mulki. A 2014 ya bayyana cewa an taya ta dala miliyan ɗaya, amma bai sayar ba.

A Iran kuma, Mahmoud Ahmadinejad ya sa farar Fijo 504 ɗinsa ƙirar 1977 a gwanjo a 2011, aka saye ta kimanin dala miliyan biyu da rabi, da nufin a sa kuɗin a aikin gina wa mabuƙata gidaje.

Kada wannan ya ruɗi magada. Sunan masu motocin aka saya, ba ƙarfen ba. Tsohuwar mota na yin daraja ne idan jikinta bai ruɓe ba, kayanta na asali na nan, takardunta kuma sun cika.

Abin dubawa kafin a kashe kuɗi

Inji ana gyara shi, tsatsa ce ke kashe mota. A Beetle, a ɗaga kujerar baya a duba ƙasan batir, inda ruwan batir ke cin faranti, sannan a ƙwanƙwasa dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, domin su ke riƙe da jikin. Lambar shasi ma a ƙarƙashin kujerar bayan take, sai a gwada ta da ta takarda. A kama babban fulin da ke bayan inji a ja shi gaba da baya. Idan yana motsi sosai har ana jin ƙara, injin na neman babban aiki.

A Fijo, a ɗaga kafet a duba ƙasa, a duba gindin ƙofofi, kewayen gilashin gaba, cikin but, da inda shakazoba ke ɗaure a ƙarƙashin bonet. A buɗe murfin baƙin mai. Idan an ga abu fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. A kuma tambayi tarihinta: ta gida ce ko ta tasha?

A nan motocin Arewa na da sa'a. Busasshiyar iskar Sahel ba ta cin ƙarfe kamar damshin bakin teku, don haka motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Sakkwato ko Damagaram takan fi ta Legas ko Fatakwal lafiyar jiki, ko da rana ta ƙone mata fenti da kujeru. Motar da magada ke gani kamar tarkace na iya zama irin wadda masu tara tsofaffin motoci ke nema ido rufe.

To, wacce?

Amsar na bin buƙatar mai tambaya. Wanda ke son motar fita ranar Juma'a ko ranar Sallah, mai son ya ɓata hannunsa da baƙin mai ya koyi yadda inji ke aiki, kuma gidansa ba faɗi, kunkuru ta fi masa. Duk inda ya tsaya sai an taru a kansa, tsofaffi na ba da labari, yara na ɗaukar hoto. Wanda kuma ke son tsohuwar motar da za ta yi masa aiki, ta kai iyali ƙauye ta dawo da buhun gero, a samu mai gyara a kowane gari, Fijo ce tasa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai kuma dalilin da ya wuce na mutum ɗaya. Faɗuwar darajar Naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da kwararowar motocin Kwatano da ta biyo baya, sun durƙusar da masana'antar Volkswagen ta Legas, suka rage ta Kaduna zuwa inuwar abin da take a da. Matashin da aka haifa bayan shekarar 2000 zai yi wuya ya yarda cewa akwai lokacin da malamin firamare ke sayen sabuwar mota fil a leda, wadda 'yan ƙasarsa suka haɗa da hannunsu. Motocin nan da ke ƙarƙashin bishiyoyi na daga cikin shaidun da suka rage.

Don haka kafin a kira mai sikeli, ya kamata magada su kira tsohon bakanike ya duba. Idan jikin na da rai, ko su ba za su iya gyarawa ba, akwai wanda zai saya ya gyara, kuma kuɗin da zai bayar zai fi na kilo. Da tsohuwar zuma ake magani.